Yadda ake shan lamotrigine lafiya idan farfaɗiya ta ƙi jin magani

Yawancin masu farfaɗiya magani ɗaya ke riƙe su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 50 ne ke da ciwon a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon daidai an kuma ba su maganin da ya dace. Sauran su ne waɗanda ake ta kai-kawo da su asibiti, an sha wannan an sha wancan, amma ciwon bai fasa tashi ba. Tun 2010 ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta ajiye ma'auni: idan an gwada magani biyu da suka dace da irin ciwon, an sha su yadda ya kamata, a adadin da ya isa, amma faɗuwa ba ta tsaya ba, to ciwon ya shiga sahun masu wuyar magani.

Ɗaya daga cikin magungunan da likita kan ƙara a irin wannan hali shi ne lamotrigine. Haka ake rubuta shi a jikin kwali, kamfanin da ya fara yin sa kuma Lamictal ya sa masa. Amurka ta amince da shi a 1994, a 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna, musamman don a ƙara shi a kan wani maganin idan ciwo ya ƙi. Magani ne mai kyau, bai cika kashe jiki da sa barci irin na phenobarbitone, wani tsohon maganin farfaɗiya, ba. Amma haɗarinsa a wuri biyu yake taruwa: makonni takwas na farko, da duk lokacin da aka yanke shan sa sannan aka koma. Yawancin abin da ke tafe a kan waɗannan biyun ne.

Mataki na farko: a tabbatar ciwon ne ya ƙi, ba shan ne ya samu tangarɗa ba

Kafin a ƙara sabon magani, a zauna a gaya wa juna gaskiya a gida. Sau nawa ake tsallake ƙwaya a mako? Maganin kan ƙare a yi kwanaki kafin a samu kuɗin wani? A ina ake saye? Yaron da aka rubuta wa magani yana shekara huɗu, yanzu yana bakwai, an ƙara masa adadin ko har yanzu na da yake sha? Mai ciwon yana samun barci? Yana taɓa tramadol? Wannan ƙwayar ita kaɗai tana iya tayar da jijjiga ko ga mai lafiya. Da yawa daga cikin ciwon da ake cewa ya gagara, a cikin waɗannan tambayoyin amsarsa take, kuma ɓoye wa likita su ba ya haifar da komai sai ƙarin magani a kan wanda ba a ma sha daidai ba.

Sannan ba kowace faɗuwa ce farfaɗiya ba, kuma ba kowace farfaɗiya lamotrigine ke yi wa aiki ba. Akwai nau'in da yake ƙara tsananta shi, kamar ciwon Dravet da ke farawa tun jariri bai shekara ba, da wasu nau'o'in da jiki ke zabura farat ɗaya. Shi ya sa wannan ba maganin da mai kemis zai zaɓar muku ba ne. A nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiya, ko likitan yara idan yaro ne. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri suna da su, haka asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna suna ganin masu farfaɗiya. A Nijar kuma babban asibitin ƙasa na Yamai. Idan akwai mai waya a kusa lokacin da ciwon ya tashi, ya ɗauki bidiyo bayan an kwantar da mai ciwon inda ba zai ji rauni ba. Bidiyon minti ɗaya ya fi dogon bayani amfani a wurin likita.

Mataki na biyu: a kwashi duk abin da ake sha a kai gaban likita

Ba suna za a faɗa da baki ba, kwalayen za a zuba a leda a tafi da su, har da na gargajiya. Dalili kuwa, hanta ce ke sarrafa lamotrigine ta fitar da shi, wasu magunguna kuma suna canza saurin wannan aikin ƙwarai.

Idan shi kaɗai ake sha, jiki kan ɗauki kwana ɗaya da 'yan sa'o'i kafin ya rage rabin abin da ke cikin jini. Idan ana shan maganin farfaɗiya sodium valproate, wanda aka fi sani da Epilim, aikin yana ja har kwana biyu da rabi zuwa uku, wato maganin yana taruwa ya ninka. Idan kuwa carbamazepine ake sha, wato Tegretol, ko phenytoin, ko phenobarbitone, waɗanda su ma na farfaɗiya ne, to cikin sa'a 14 ko makamancin haka rabi ya tafi. Rifampicin na cikin maganin tarin fuka shi ma yana korar sa da sauri, haka lopinavir da ritonavir na masu cuta mai karya garkuwar jiki. Ke nan ƙwaya ɗaya mai miligiram 25 ba ƙarfinta ɗaya ba a jikin mutum biyu. Wanda ya ɓoye cewa yana shan Epilim ya jefa kansa cikin haɗari tun ranar farko.

A kuma gaya wa likita waɗannan ko bai tambaya ba: an taɓa yin ƙuraje ko borin jini bayan shan wani magani, musamman na farfaɗiya, akwai ciwon zuciya ko bugunta ba ya tafiya daidai, domin a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan masu irin wannan matsalar, akwai ciwon hanta ko ƙoda, mace tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko tana da ciki, ko tana neman sa.

Mataki na uku: a karɓi jadawali a rubuce

Lamotrigine ba a fara shi da adadin da zai yi aiki. Da ɗan kaɗan ake farawa, a riƙa ƙarawa bayan mako biyu-biyu, sai an kwashe mako shida ko fiye kafin a kai inda ake so. Kada a bar ofishin likita sai ya rubuta a takarda: daga ranar kaza zuwa ranar kaza, ƙwaya kaza. Ga yadda tsarin yake ga babba da wanda ya haura shekara 12. Na kawo shi ne don ku iya duba takardarku ku yi tambaya idan kun ga bambanci, ba don wani ya rubuta wa kansa ba.

Mai shan Epilim: mako biyu na farko miligiram 25, a sha yau a tsallake gobe. Mako na uku da na huɗu miligiram 25 kullum. Daga nan ana ƙara 25 zuwa 50 duk bayan mako ɗaya ko biyu, yawanci a tsaya tsakanin 100 da 200 a rana.

Mai shan Tegretol, ko phenytoin, ko phenobarbitone, ba tare da Epilim ba: miligiram 50 kullum na mako biyu, sannan 100 a rana a raba safe da dare na mako biyu, daga nan a riƙa ƙarawa har 200 zuwa 400, wani lokaci fiye.

Wanda ba ya shan ko ɗaya cikin waɗannan: 25 kullum na mako biyu, 50 kullum na mako biyu, sannan a ci gaba da ƙari a hankali.

Wanda ke haɗa Epilim da Tegretol, tsarin Epilim ake bi masa, wato mafi jinkiri. Yara daga shekara 2 zuwa 12 kuwa da nauyi ake lissafa musu, kuma adadin ƙanƙani ne sosai: yaron da ke kan Epilim yana farawa da miligiram 0.15 a kowane kilo na nauyinsa a rana. Yaro mai kilo 20, miligiram 3 ke nan, sai likita ya daidaita shi da ƙwayar da ake da ita. Don haka ake yin ƙanana masu miligiram 2 da 5 waɗanda ke narkewa a ruwa. Idan ba a same su a kasuwa ba, a koma wurin likita ko masanin magunguna na asibiti ya nuna dabarar da za a yi. Kada uwa ta ɓantari ƙwayar 25 da ido ta ce wannan ya yi.

Nan ne haƙuri ke ƙarewa. A makonnin farko ciwon zai iya ci gaba da tashi kamar ba a shan komai, domin adadin bai kai ba tukuna. Sai wani a gida ya ce a ba shi biyu mana. A'a. Saurin ƙari da fara shi da yawa su ne manyan abubuwan da ke jawo mugun ƙurajen da za mu zo kansu. Sannu ba ta hana zuwa. Idan faɗuwar ta yi yawa a wannan tsakanin, likita yana da wasu magungunan da zai iya riƙe ciwon da su na ɗan lokaci. Tsohon maganin kuma ana ci gaba da shi yadda yake, sai in likita ya ce a rage.

Mataki na huɗu: saye

A karanta sunan harafi-harafi kafin a bar kanta. Akwai lamivudine, maganin cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta, akwai Lamisil na makero da ƙaiƙayin fata, akwai labetalol na hawan jini. An sha rikita su da lamotrigine a ƙasashe da dama, balle ga rubutun likita da ba kowa ke iya karantawa ba. A duba ƙarfin ƙwayar: akwai 25, 50, 100 da 200, kuma kwalayen kan yi kama. A duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, in akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar. A saya a kantin magani mai rajista ko na asibiti, ba a hannun masu talla a tasha ba. In da hali a tsaya a kan na kamfani ɗaya.

Sai maganar da ba a son yi: kuɗi. Lamotrigine ya fi phenobarbitone da Tegretol tsada, kuma ba kowane gari ake samun sa ba. Tun kafin a haɗiyi ƙwayar farko a tambayi kuɗin wata guda a adadin da za a tsaya a kai, ba na makon farko ba. A ganina, gidan da ya san ba zai iya jure sayen sa wata-wata ba gara ya faɗa wa likita tun yanzu a nemi wani, domin da wannan maganin a sha a bari a koma ya fi rashin farawa haɗari. Idan an fara, a riƙa sayen sabo tun saura na mako guda. A ajiye shi a inuwa, nesa da murhu da cikin mota, inda yara ba sa kaiwa.

Mataki na biyar: shan kullum

Ana sha da abinci ko babu. A haɗiye ƙwayar da ruwa, tana da ɗaci idan aka tauna. Mai narkewa kuwa ana iya taunawa, ko a sa ta a ɗan ruwan da zai rufe ta a cokali ko kofi, a jira ta narke, a shanye duka, a ɗauraye kofin a sake sha. A ɗaura shan da abin da ba ya wucewa, kamar bayan sallar asuba da bayan isha'i, ko a sa ƙararrawar waya. Mutum ɗaya a gida ya ɗauki nauyin bayarwa, don kada uwa ta ba yaro, kaka ma ta ba shi. Idan an yi amai kafin rabin sa'a da sha, a sake ba da irin adadin. Idan ya wuce haka, a jira lokaci na gaba.

Mataki na shida: a duba fata kullum har mako takwas

Kusan mutum 1 cikin 10 da ke shan lamotrigine kan yi ƙuraje, yawancinsu marasa haɗari. Amma a cikinsu akwai wanda ke kisa, wanda likitoci ke kira ciwon Stevens-Johnson: fata ta yi ƙuna ta saluɓe kamar wanda wuta ta ci, baki da ido da al'aura su yi gyambo. Takardar maganin ta Birtaniya ta ce ƙuraje masu tsanani kan sami kusan babba 1 cikin 500 na masu farfaɗiya, a yara kuwa waɗanda ake kwantarwa saboda su suna tsakanin 1 cikin 300 da 1 cikin 100. Kusan duka a tsakanin mako na biyu da na takwas suke fitowa. Matsalar ita ce a ranar farko ba mai iya rantsuwa cewa wannan mai sauƙi ne, wancan mugu.

Don haka kowace safiya, a hasken rana ba na fitila ba, a duba fuska, wuya, ƙirji, ciki, baya da hannuwa. A buɗe baki a duba leɓe da dasashi, a duba ido. Littattafan magani suna cewa jan ƙuraje, amma a baƙar fata ba lalle a ga ja ba. Abin da za a gani shi ne tabo-tabo da suka fi sauran fata duhu, ko masu ruwan toka, ko ƙananan gudaji da hannu ke ji kafin ido ya gani. A shafa, a kuma tambayi mai ciwon ko fatar na masa zafi ko raɗaɗi. Zafin fata alama ce mafi muni fiye da ƙaiƙayi.

Idan an ga ƙuraje ko wane iri a wannan lokacin, kada a ba da ƙwayar lamotrigine ta gaba sai likita ya gani, kuma a ranar za a je, ba ranar da aka rubuta a kati ba. Sauran magungunan farfaɗiyar a ci gaba da su har a isa. Kada a tsaya gardamar ƙurajen zafi ne, ko ƙyanda, ko ƙarambau. Mai yiwuwa su ne, amma likita ne zai raba. Kada a shafa komai, kada a yi hayaƙi, kada a ba da jiƙo a ce a ga kwana biyu.

Idan kuwa akwai ɗaya daga cikin waɗannan, sashen gaggawa za a nufa ko da tsakar dare ne: zazzaɓi tare da ƙuraje, gyambo a baki ko leɓe, jan ido mai raɗaɗi, ƙuraje masu ruwa, fata na saluɓewa, kumburin fuska, kaluluwa a wuya ko hammata, idanu sun yi shawara, jini na fita ko tabon jini a fata ba tare da an bugu ba. Zazzaɓi da kaluluwa ko babu ƙuraje ma abin kai wa asibiti ne, domin maganin kan tayar da garkuwar jiki ta afka wa hanta da jini, abin da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2018.

Ga inda muke yawan faɗawa. Mugun ƙurajen nan sau da yawa da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro yake farawa, kwana ɗaya zuwa uku kafin fata ta nuna. A wurinmu kuwa duk zazzaɓi maleriya ne, sai a aika yaro kemis. In aka yi rashin sa'a a haɗo da Fansidar ko Septrin, waɗanda su ma suna cikin magungunan da aka sani da jawo irin wannan ciwon fatar. A makonni takwas ɗin nan, zazzaɓi na asibiti ne, a yi gwaji, a kuma ce wa duk wanda zai rubuta magani: yana shan lamotrigine, an fara ranar kaza. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina yana ɗauke da sinadarin Fansidar, haka wanda ake ba masu ciki a wurin awo. Ba cewa ake a ƙi su ba, amma a tambayi likitan yaron tun kafin masu rabon su iso.

Haka ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sandarewar wuya da ƙin haske. Lamotrigine kan jawo kumburin rigar ƙwaƙwalwa jefi-jefi, alamunsa kuma iri ɗaya ne da na sanƙarau da muke fama da shi da bazara. Ko wanne ne, asibiti ne maganarsa.

Wanda aka tabbatar maganin ya yi masa mugun ƙuraje ba ya sake shan sa har abada. A rubuta a katinsa, a gaya wa duk 'yan gida.

Mataki na bakwai: idan an manta, ko magani ya yanke

Mantuwar sau ɗaya ba abin tashin hankali ba ce. Mai sha sau ɗaya a rana ya sha da zarar ya tuna, sai in saura ƙasa da sa'a 12 lokaci na gaba ya yi, to ya bari. Mai sha sau biyu ya sha idan bai wuce sa'a huɗu da lokacin ba, in ya wuce ya jira na gaba. Ba a haɗa biyu don ramuwa.

Yankewar kwanaki ita ce babbar magana. Wanda ya saba da miligiram 200, ya yi kwanaki bai sha ba, jikinsa ya koma kamar na wanda bai taɓa sha ba. Idan ya koma kan 200 kai tsaye, ya buɗe wa mugun ƙurajen nan ƙofa. Ƙa'idar ita ce idan an yi kamar kwana biyar ba a sha ba, sai an sake farawa daga ƙasa. Ga mai shan Tegretol ko phenobarbitone ko phenytoin kwana uku ma sun isa, tunda jikinsa na fitar da maganin da sauri. Abin da ya fi sauƙin riƙewa: in an kwana uku ba a sha ba, kada a koma sai an ji daga likita. Wannan ya shafi wanda aka kwantar a wani asibiti aka manta da maganinsa, da wanda ya yi tafiya ya bar shi a gida, da wanda aka ce ya ajiye maganin asibiti har a gama na gida. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da ƙwaya, a haɗa su. Dakatar da maganin farfaɗiya farat ɗaya kuwa na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kashewa.

Mata

Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, wadda ake sha mako uku a huta ɗaya, tana rage lamotrigine a jini da kusan rabi, a makon hutun kuma ya sake hawa. Ke nan ranar da kika fara ta ciwon na iya dawowa, ranar da kika bar ta kuma jiri da gani biyu-biyu su taso. Kada ki fara, kada ki bari, sai likitan farfaɗiyarki ya sani. Ki gaya wa ma'aikaciyar tsarin iyali abin da kike sha don ta zaɓar miki hanyar da ba ta karo da shi. In kin ga jini a tsakiyar wata ki faɗa.

Game da ciki, lamotrigine na cikin mafi sauƙin haɗari ga jariri. Binciken hukumar magunguna ta Birtaniya na 2021 ya sa shi da levetiracetam, wani maganin farfaɗiyar, a gaba wajen sauƙin haɗari. Epilim ne abin tsoro: kusan jariri 1 cikin 10 kan zo da nakasa, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma su samu matsalar girman ƙwaƙwalwa da koyo. Budurwa ko matar aure da ke haɗa su biyun ta tayar da maganar tun kafin ciki ya shiga, ta kuma fara folic acid, yawanci miligiram 5 kullum. In ciki ya riga ya shiga, kada ki ajiye komai da kanki, ki je a makon. Ciki na sa jiki ya riƙa fitar da lamotrigine da sauri, har ya ragu da rabi ko fiye, don haka akan ƙara adadin yayin da ciki ke girma. Bayan haihuwa kuma cikin mako biyu zuwa uku jiki ke komawa yadda yake, sai a rage. A karɓi wannan tsarin a rubuce tun kafin naƙuda, domin mai jego da ta tafi wankan gida ba lalle ta ga likitanta da wuri ba. Ana shayarwa, amma a lura da jariri: yawan barci, kasa kama nono, ko ƙuraje. Rashin barcin jego na tayar da ciwo, a taimaka mata da dare. Kada ta yi wa jariri wanka ita kaɗai, kada kuma a bar ta ita kaɗai kusa da tukunyar ruwan zafi.

Azumi

A je wurin likita tun cikin Sha'aban. Da yake maganin na daɗewa a jini, sau da yawa ana iya mayar da shi sahur da buɗa-baki, wani ma sau ɗaya a rana. Amma wanda ciwonsa bai kwanta ba, ko yake tsakiyar makonnin ƙari, ga yunwa ga ƙarancin barci, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Ya tambayi likita, ya tambayi malami, kada kunya ta sa ya tsallake ƙwaya.

Ƙananan illoli, da waɗanda ba ƙanana ba

Jiri, ciwon kai, gani biyu-biyu, tangaɗi, tashin zuciya, rawar hannu, barci ko rashinsa, duk ana ganin su, galibi bayan an yi ƙari, kuma sukan lafa. Sun fi yawa ga mai haɗawa da Tegretol, sau da yawa ma Tegretol ɗin likita ke ragewa. Wanda ba a wasa da shi shi ne canjin hali: baƙin ciki mai nauyi, janyewa daga mutane, ko maganar gajiya da rayuwa. Duk magungunan farfaɗiya na ɗauke da wannan gargaɗin. Haka bugun zuciya da sauri ko suma. Idan yaro ya samu kwalin ya sha da yawa, asibiti nan take, a tafi da kwalin. A guji giya da tramadol. Magungunan maleriya chloroquine da mefloquine ba su dace da mai farfaɗiya ba, maganin ƙwayoyin cuta ciprofloxacin ma sai da sanin likita.

Idan ciwon ya tashi ana cikin shan magani

A duba agogo. A janye wuta, ruwa da abin da zai yanke shi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga. Da jijjiga ta lafa a juya shi gefe. Ba a sa cokali ko yatsa a baki, ba a ɗura ruwa ko manja ko rubutu, ba a danne shi. Ba ya haɗiye harshensa, yawunsa kuma ba ya sa wa kowa ciwo. Idan ta kai minti biyar, ko wata ta biyo kafin ya farfaɗo, ko ya ji rauni, ko a ruwa ya faɗi, ko mai ciki ce, a tafi asibiti. Mai ciwon da jijjigarsa ta saba daɗewa, a roƙi likita ya rubuta maganin gaggawa na gida, irin diazepam da ake sawa ta dubura, ya kuma koya wa mutum biyu a gidan yadda ake yi. Har sai ciwon ya kwanta likita ya ba da izini, babu tuƙin mota ko babur, babu jan ruwa a rijiya, babu wanka a rafi, babu hawa gini ko bishiya, girki kuma sai da wani a kusa.

A riƙe littafi

Ƙaramin littafin makaranta ya isa. Kowace faɗuwa a rubuta rana, lokaci, tsawonta, da abin da ya gabace ta: rashin barci, zazzaɓi, al'ada, mantuwar ƙwaya. A rubuta ranar kowane ƙari. Ba a yanke wa lamotrigine hukunci sai an kai cikakken adadi an kuma zauna a kai wata biyu ko uku. A ciwo mai wuyar magani, raguwar faɗuwa da rabi ma ci gaba ne da likita zai yi la'akari da shi, kuma ba za a gane hakan da ƙwaƙwalwa kaɗai ba.

Idan an kai nan bai yi ba, likita zai sauke shi a hankali cikin aƙalla mako biyu, ya duba wasu irin levetiracetam, clobazam ko topiramate. Ga wasu yara akwai tsarin abinci na musamman mai yawan mai da ƙarancin sitaci da ake yi ƙarƙashin kulawar asibiti. Wanda kuma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ciwonsa daga wuri ɗaya yake tasowa, a tambayi likita ko aikin tiyata zai yiwu da inda ake yin sa. Idan daga baya aka cire Epilim ko Tegretol, ko aka fara ko aka gama maganin tarin fuka, adadin lamotrigine ma sai an sake lissafa shi a wannan makon.